Sai Ƙarfe Ya Huje Kafin Ku Yarda?

Babu alkawarin da kamfanonin ƙera motoci suka iya ƙawatawa kamar garantin tsatsa, babu kuma wanda suka ƙware wajen zille masa kamarsa. Ranar ciniki dillali zai buɗe littafin motar ya ɗora yatsa a kan adadin shekarun. A Amurka kamfanonin Toyota da Ford shekara 5 suke rubutawa, komai yawan tafiyar da motar ta yi. A Turai Volkswagen shekara 12 yake rubutawa. Mai saye ya ji daɗi, ya biya, ya tafi. Ranar da ya dawo da gindin ƙofa ya yi ƙuraje, ƙarfen saman taya yana ɓarewa, ranar za a fito masa da ƙananan rubutun da ba wanda ya karanta masa lokacin da ake ƙirga kuɗinsa. Wannan yaudara ce, kuma don lauya ne ya tsara ta ba zai sa ta zama wani abu daban ba.

Abin da rubutun ya ƙunsa shi ne, kamfani ba ruwansa da tsatsa sai ta huda. Sai ta ci ƙarfen ta ɓulla ta ɗaya gefen. Kumburin fenti, jan ruwan da ke malalowa ƙarƙashin marfin but, ɓawon da ke zuba in ka shafa da hannu, duk wannan tsatsar sama suke kiransa, ita kuwa tana cikin garantin gama-gari mai ƙarewa da wuri, shekara 3 ko mil 36,000 a wajen kamfanonin nan biyu na farko. To, a bi lissafin a hankali. Mota ta shekara 4, ta fara ƙuraje. Mai ita ya kai ta, a ce masa ai ba ta huje ba tukuna. Ya koma gida ya jira. Ta huje a shekara ta 6, ya dawo, a ce wa'adi ya wuce. In a Turai ne, inda wa'adin yake da sauran tsawo, a tambaye shi don me ya zuba ido tun da ya ga alama bai gyara ba. In kuwa ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya kai ta wajen mai fenti tun farko aka kankare aka shafe, shi ke nan an samu abin da ake nema: hannun wani ya taɓa wurin, garanti ya faɗi. Ta ina kuke so mutum ya bi?

Sharaɗin da ya fi ƙona rai shi ne wanda ya ce sai tsatsar ta faro daga ciki ta fito waje. A kan takarda yana da ma'ana. In tsakuwa ta fasa maka fenti, ko an goge ka a cunkoso ka bar wurin a buɗe damina ta wuce a kansa, sakacinka ne, ba wanda ya ce kamfani ya biya. Amma wa yake yanke hukuncin inda ta faro? Wakilin kamfanin. Wanda ake ƙara shi ne mai bincike, shi ne kuma alƙali. Zai zo da 'yar na'urar auna kaurin fenti, ya manna a ƙofa, ya manna a gefe, ya manna a rufi. Da ya ga wuri ɗaya ya ɗara sauran kauri sai ya ce an taɓa yin fenti a nan. Zai duƙa ya nemo wani ɗan tabo a bakin kumburin, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta cewa dutse ne ya buga. A tura takarda babban ofis, wanda bai taɓa ganin motar da idonsa ba ya rubuto amsa. Wasu kamfanonin har sukan shar'anta a riƙa kai motar wurin wakilinsu lokaci-lokaci ana duba jikinta ana buga hatimi. Ka tsallake hatimi ɗaya, ka yi asarar shekarun da suka rage.

Alhali injiniyoyinsu sun fi kowa sanin inda muguwar tsatsa take kwana. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska yana ruɓewa, gishiri kuma yana gaggauta aikin. Saman bonet ba ya riƙe ruwa, rana na fitowa ya bushe. Wurin da ke riƙe ruwa shi ne inda aka naɗe bakin ƙarfe biyu a gindin ƙofa, da kogon da ke ƙarƙashin matakar ƙofa, da mahaɗar walda, da cikin shasi. Mai mota ba ya ganin waɗannan wurare, hannunsa ba ya kai wa gare su, soso da sabulu ba sa shiga. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take tunkuɗo fenti ya kumbura. Ƙurajen da kake gani a gindin ƙofa sau da yawa ƙarshen aiki ne, ɓarnar ta daɗe da farawa ta baya. Wanda ya zana kogon, ya zaɓi ƙarfen, ya yanke shawarar inda za a huda kafar fitar ruwa, shi ke da alhakin abin da ya faru a ciki.

Kuma an daɗe da samun maganin. Ana shafe ƙarfe da tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufin ɗaki, tutiyar ta riƙa ci kafin a kai ga ƙarfen. Porsche ya fara yi wa jikin mota gaba ɗaya haka tun tsakiyar shekarun 1970, Audi ya kawo shi cikin motocin da ake ƙerawa da yawa a tsakiyar shekarun 1980. Ana tsoma gangar jikin a kwatarniyar fenti a saka wutar lantarki don ya shiga kowane lungu, a fesa kaki na musamman cikin koguna. Saboda haka in motar da aka ƙera bayan shekarar 2000 ta ruɓe tana da ƙuruciya, kada a ce ƙaddara ce. Wani ne ya rage kuɗin aiki, ko ya kasa sa ido a kan wanda ya ba kwangila.

A ɗauki Toyota, tunda shi ne sunan da mutanenmu suke rantsuwa da ƙarkonsa. Tacoma akori-kura ce da ake sayarwa a Amurka, ajin Hilux ɗin da muka sani. A jihohin arewacin ƙasar, irin su Michigan da Ohio da New York da Pennsylvania, ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan da taɓo suka riƙa shiga cikin shasin motar suna kwana, har ya kai ana soka sukundireba ta shige. Abin lura a nan, garantin huda na faifan ƙarfen jiki ne, ƙofa da gefe da rufi. Shasi, wanda ke ɗauke da inji da kaya da rayukan mutane, ba ya ciki. A 2008 kamfanin ya tsawaita garantin shasin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 ya kai shekara 15, motoci wajen 813,000, ya kuma amince ya sayi waɗanda suka lalace a kan farashin kasuwa da ƙarin rabinsa. Wannan kam an yi abin kirki, ba a hana shi yabonsa ba. A 2011 kamfanin Dana, wanda ya ƙera shasin, ya biya Toyota dala miliyan 25 kan wannan batu.

Sai dai a duba abin da ya biyo baya. A Nuwamban 2016 Toyota ya amince da sulhu a kotun tarayya da ke Los Angeles, wanda aka ƙiyasta zai iya kai wa dala biliyan 3.4, kan motoci wajen miliyan 1.5: Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010, Tundra ƙirar 2007 da 2008, Sequoia ƙirar 2005 zuwa 2008. Zargin dai shi ne na da, shasi bai samu isasshen rigakafin tsatsa ba. Lauyoyin masu ƙara sun ƙiyasta canjin shasi ɗaya a kan dala 15,000. A sake duba shekarun. A daidai lokacin da kamfanin yake sayen tsofaffin da suka ruɓe, a 2008, sababbin da ke fitowa daga masana'anta su ne waɗanda za a yi sulhu a kotu a kansu bayan shekara 8. Kuma da aka zo sa hannu, kamfanin bai amsa laifin komai ba. Kuɗin da suka kai biliyoyi za a iya fitarwa, amma kalmar "mun yi kuskure" ta gagara. Mutum nawa ne suka gaji da zirga-zirga a tsakanin nan, suka biya walda da aljihunsu, ko suka karyar da motar suka huta?

Akwai wata dabarar kuma, ta kiranye rabi da rabi. A Nuwamban 2009, bayan hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike, Toyota ya kira Tundra wajen 110,000 ƙirar 2000 zuwa 2003, saboda ƙarfen da ke riƙe da tayar safaya yana ruɓewa har tayar ta faɗo a titi, tsatsar kuma tana iya taɓa bututun birki. Amma kiran ya tsaya ne a jihohi 20 masu sanyi da birnin Washington. Ford ma haka ya yi a 2010 da Windstar ƙirar 1998 zuwa 2003, sama da 500,000 a Amurka da Kanada, wadda sandar ƙafafunta na baya take tara ruwan gishiri har ta karye ana cikin tafiya. Sai ka ce mota bishiya ce da ke mutuwa inda aka dasa ta. Mota tana tafiya, ana sayar da ita, tana ƙetare jiha, tana ƙetare teku.

Da tarihi yana koya musu wani abu, da labarin kamfanin Lancia ya ishe su. A 1980 jaridun Ingila suka fallasa yadda tsatsa take cin mazaunin injin motarsa ƙirar Beta. Kamfanin ya sayi motocin ya murƙushe, ya ƙara garanti, amma suna ya riga ya ɓaci, zuwa 1994 ya tattara ya bar kasuwar ƙasar. Abin da sauran suka koya daga nan, ga alama, shi ne yadda za a biya a ɓoye. In mai mota ya matsa, ya ƙi tafiya, sai a kira shi gefe a ce kamfani zai ɗauki rabin kuɗin gyara, don kyautatawa kawai. Ba a rubuta cewa akwai aibi ba, ba a sanar da sauran masu irin motar ba. Mai baki ya samu, mai kunya ya tashi a tutar babu. Shi kuma wanda ya karɓa ya yi shiru, ya taimaka wajen binne maganar. Binciken Tundra ɗin nan daga ƙorafi 20 kacal ya taso, na mutanen da suka zauna suka rubuta wa hukuma. Wanda yake da garanti a hannu, ranar da ya ga kumburin farko ya ɗauki hoto, ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi takardar shaidar an duba, kada ya bari a taɓa wurin kafin nan. In an ƙi shi, a ƙi shi a rubuce. Maganar baka a gareji ba ta zuwa kotu.

Mu nan abin ya shafe mu ta ƙofar baya. Yawancin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne, masu saukowa ta Kwatano da Apapa da Tin Can, kuma da yawa daga wuraren gwanjon Amurka suke. Garantinsu ya ƙare tun can, wanda bai ƙare ba ma ba ya biyo mota zuwa nan, wadda kuwa inshora ta riga ta rubuta ta a matsayin asara, garantinta ya mutu a ranar. Iskar Kano da Katsina da Maraɗi busasshiya ce, ƙarfe ba ya saurin ruɓewa, shi ya sa mai saye a arewa ba ya kawo tsatsa a ransa. Inji yake saurara, giya yake gwadawa, ya kunna na'urar sanyi. Motar da ta yi hunturu goma a Ohio kuwa da cutarta ta zo.

A nan tsawar ta juyo kanku, dillalan gida. Ba duka aka zama ɗaya ba, amma masu yi sun san kansu. Mota ta sauka, an leƙa ƙarƙashinta an ga abin da ke ciki, sai a kai ta wajen mai fanel-bita. A cusa bodi-fila a ramin, a goge, a fesa fenti. Ƙarƙashin kuma a mulke shi da baƙin fenti mai kauri har yana ƙyalli. Alhaji ya zo da kuɗin da ya shekara yana tarawa, a ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan yanzu ta sauka, ko ƙwarzane babu." Ku da kuke kuka da kamfani ya ɓoye aibi, me ya raba ku da shi? Shi aƙalla akwai kotun da ta ja shi ya biya. Kun san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki, malamai sun faɗa muku tun kuna makarantar allo. Fila ba ta ɗaukar nauyi. Shasin da ya ruɓe ba ya ba da sanarwa, a kan hanyar Zariya zai karye, da buhuna a baya da yara a ciki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 tana nan, hukumar da ke aiwatar da ita, FCCPC, tana nan, amma kun dogara da cewa mutanenmu sun fi son su ce Allah ya isa su wuce.

Kai mai saye, lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba. Shafin NHTSA a intanet yana nuna maka kyauta ko akwai kiran gyara da ba a yi wa motar ba, rahoton Carfax kuma yana nuna jihohin da ta zauna. Ka riƙe ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kama gindin ƙofar ƙarfe, fila ce a wurin. Ɗaga kafet ɗin but ka duba mazaunin safaya. Kada ka ƙirga ko sisi sai an hau da motar kan ramin bakanike, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma, ka ƙwanƙwasa shasin tun daga gaba har baya. Dillalin da ya ce babu lokacin wannan, bar masa motarsa.