Kafin A Tunkari Tsakiyar Teku, A Fara Bin Gaɓa

Duk wanda ya taɓa bi ta wajen Onikan a Ikko a ƙarshen mako, ya kan hango waɗansu ƙananan jiragen ruwa da fararen ƙyallaye a miƙe, suna kai da kawowa ba hayaƙi ba ƙarar inji, iska kaɗai ke tura su. Na ƙungiyar masu wasan jirgin ruwa ne, wadda aka kafa tun 1932. Galibin 'yan Arewa mazauna Kudu, daga mai gadi a Apapa har mai goro a Agege, wasan masu hannu da shuni suke ɗaukar abin, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma masu irin waɗannan jirage a duniya suna da wata ɗabi'a da ta kamata a tsaya a duba, domin yanzu zancen ƙetare teku ya shigo har cikin majalisun samari a Idi-Araba da Sabon Badun, kuma rai ne a ciki.

Ɗabi'ar kuwa ita ce, mai hankali a cikinsu ba ya sayen jirgi yau ya tunkari tsakiyar teku gobe. Sai ya yi wata da watanni, wani ma shekaru, yana bin gaɓa daga wannan tasha zuwa waccan, ƙasa tana inda ido ke ganinta. A nan ne zai koyi rage ƙyalle tun iska ba ta yi ƙarfi ba, da jefa anka ta kama ƙasa, da lissafin cikowar teku da janyewarta. A nan zai san inda jirginsa ke yoyo, da igiyar da ke saurin cinyewa, da wanda jiri da amai ke kayarwa a cikin abokan tafiyarsa. Daga baya ya gwada kwana ɗaya a kan ruwa, sa'an nan kwana uku, ana karɓa-karɓar tsaro cikin dare, wani na barci wani na riƙe da akalar jirgi. In abu ya karye, tasha tana kusa. Ya shiga ya gyara, ya biya kuɗin wautarsa da araha.

Misali mafi kyau shi ne gasar da jaridar Sunday Times ta Ingila ta shirya a 1968, watau a ga wanda zai fara kewaya duniya shi kaɗai a jirgi mai tafiya da iska, ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Mutum 9 suka shiga, ɗaya tak ya gama, Robin Knox-Johnston, ma'aikacin jiragen ruwan 'yan kasuwa mai shekara 29. Jirginsa Suhaili na katako ne, tsawonsa ƙafa 32, a Bombay aka sassaƙa shi, kuma ba shi da sauri. Sai dai kafin gasar mutumin ya riga ya tuƙo shi tun daga Indiya, ya biyo gaɓar Afirka ta Mombasa da Durban da Cape Town har Ingila, tsakanin 1965 da 1967. Da kuɗi suka ƙare masa a hanya, tsayawa ya yi a Afirka ta Kudu ya kama aiki, kamar dai yadda alhazan dauri masu tafiya a ƙasa su kan yada zango a Sudan su yi noman auduga kafin su isa Sawakin su hau jirgin Jidda. Saboda haka da ya tashi daga Falmouth ran 14 ga watan Yuni 1968, ya san jirginsa ciki da bai. Da ya fara yoyo, nutsewa ya yi ƙarƙashinsa ya toshe. Da ruwan shansa ya gurɓace, sai ya koma tarar ruwan sama. Ya dawo ran 22 ga watan Afrilu 1969, bayan kwana 312.

To, ga kuma Donald Crowhurst, ɗan kasuwa mai mata da 'ya'ya 4, wanda ya jingina gidansa da sana'arsa a kan wannan gasa. Sabon jirgi aka ƙera masa cikin gaggawa. Tafiyar gwaji da ya yi a gaɓar Ingila, wadda aka zaci 'yan kwanaki za ta ci, sai da ta ci wajen mako biyu, shi kansa yana ta fama da amai. Gaɓa ta gaya masa gaskiya ke nan, tun yana da halin fasawa. Amma ga bashi, ga 'yan jarida, ga mutanen gari sun zuba ido. Ya tashi ran 31 ga watan Oktoba 1968, ranar ƙarshe da aka yarda a tashi, kayan gyara ko kintsa su ba a gama ba. Da ya ga jirgin ba zai iya da tekun kudu ba, sai ya yi ta gewaye a cikin Atalantika yana aiko da labarin ƙarya ta rediyo cewa yana gaba. Ran 10 ga watan Yuli 1969 aka tsinci jirgin yana yawo ba kowa a ciki. Knox-Johnston ya ɗauki fam 5,000 da ya ci ya ba iyalinsa.

Ba rashin jarunta ya kashe Crowhurst ba. Kunyar komawa baya ce, da nauyin kuɗin mutane. Wanda ya san yadda ake haɗa wa yaro kuɗin tafiya a gida, a sayar da gona ko saniya, ya san irin wannan nauyi. Hausawa dai sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Har yau masu ƙetare Atalantika don nishaɗi ba su raina wannan darasi ba. Kowace shekara tun 1986, a ƙarshen watan Nuwamba, jirage fiye da 100 su kan taru a Las Palmas, cikin tsibiran Kanari da ke yamma da Maroko, su tashi tare zuwa tsibiran Karebiyan. Tafiyar mil 2,700 ce ta ma'aunin teku, wajen kilomita 5,000, kusan sau biyar ɗin Ikko zuwa Kano, kuma ta kan ci kimanin mako uku. Ba da ka suka zaɓi watan ba. Lokacin ne damunar manyan guguwa ke ƙarewa, iskar arewa maso gabas kuma ta zauna daram tana tura jirgi ta baya. Yawancinsu sun biyo gaɓar Faransa da Sifen da Fotugal ne kafin su iso, kuma kafin a bar su su tashi sai an hau jirgin an duba rigunan hana nutsewa, da kwale-kwalen roba na ceto, da na'urar da ke aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan adam. Ko Columbus ma, a 1492, sai da ya tsaya a waɗannan tsibirai ya gyara akalar ɗaya daga cikin jiragensa kafin ya miƙa.

A ɗauki ruwan sha kaɗai. In mutum 4 ne, kowa lita 3 a yini, a yi lissafin kwana 30 don gudun ko iska ta ɗauke, lita 360 ke nan, watau jarka 18 mai lita 20. Ba a zo kan abinci ba, balle magani.

Wani zai ce ai wannan duk zancen ƙoshi ne, yunwa ba ta jiran a koyi ɗaurin igiya. Gaskiya ne talaka ba shi da jirgin da zai yi shekara yana gwadawa, kuma ba daɗi ke sa saurayi ya bar uwarsa ba. Amma teku ba ta tambayar dalilin fitowa. A cikin watan Nuwamban 2022, watan da masu nishaɗi suka tashi daga Las Palmas, a cikinsa ne aka sauko da 'yan Nijeriya 3 a wannan tasha, bayan sun yi kwana 11 a zaune bisa ƙarfen juya akalar wani jirgin dakon mai da ya taso daga Ikko, ƙafafunsu na lilo dab da ruwa. A 2023 waɗansu 4 suka yi irin wannan, suna zaton Turai suka nufa. Guzurinsu ya ƙare a rana ta goma, suka koma kurɓar ruwan gishiri, bayan kwana 14 suka tsinci kansu a Burazil. Ko inda jirgin za shi ba su bincika ba. Waɗannan su ne suka rayu har aka ji labarinsu. Mai ba yaro irin wannan shawara a bakin tasha, ko mai karɓar kuɗinsa, a tambaye shi sau nawa shi ya taɓa kwana a kan teku.

Akwai kuma abin da dillalan hanya ba su faɗa wa masu hawa kwale-kwale daga Senegal ko Muritaniya zuwa Kanari, hanyar da mutum fiye da 46,000 suka iso ta cikinta a 2024. Iskar nan da igiyar ruwan da ke taimakon masu nishaɗi, kudu maso yamma suka nufa. Mai zuwa Kanari daga kudu gaba da gaba yake yi da su, da ƙarfin inji kawai. In injin ya mutu, ko mai ya ƙare, ko matuƙi ya kuskure tsibiran, to ruwa zai ja shi ya sa shi a kan ainihin hanyar da jiragen Las Palmas ke bi, amma ba ƙyalle, ba jarka 18, ba na'urar kiran agaji. A watan Mayun 2021 masunta a Tobago, can ƙetaren Atalantika, suka ga wani kwale-kwale yana yawo, suka matsa suka tarar da gawarwaki fiye da goma a ciki. Bincike ya nuna daga Muritaniya ya tashi zuwa Kanari, fiye da wata huɗu kafin ranar.