Ginin da ke faɗuwa ba tare da girgiza ba, ina ga ranar da ƙasa ta motsa?



Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanen ƙasar nan, tun daga mai gidan haya har jami'in gwamnati: wai Najeriya ba ƙasar girgizar ƙasa ba ce, Allah Ya raba mu da wannan. Da ita ake toshe bakin duk wanda ya ce a duba irin ginin da ake yi a Legas. Mu dai ba mu yarda da ita ba, kuma za mu faɗa a fili, domin in abin ya zo, mu 'yan Arewa mazauna garin nan muna sahun farko na waɗanda za a tono daga ƙarƙashin kankare.

Mu fara da tarihi. Ranar 22 ga Yuni, 1939, girgizar ƙasa mai ƙarfin kusan maki 6.5 ta afka wa Accra a Ghana, ta kashe mutum 17, kuma an ji motsinta har Legas da Ibadan. A 1984 ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode da kewaye. A Satumbar 2009 an sake jin ta a sassan Legas da Ogun da Oyo. A 2016 mutanen Saki a Jihar Oyo da na Kwoi a Jihar Kaduna sun ji tasu, sai Mpape a Abuja a 2018, ta kuma dawo a 2024. Masana duwatsu sun daɗe suna magana a kan wata doguwar tsaguwa da ke ƙarƙashin ƙasa, wadda ta ratsa daga yankin Ifewara a Jihar Osun zuwa Zungeru a Jihar Neja. Gaskiya ne waɗanda aka yi a cikin ƙasarmu ƙanana ne, ba mu kai Japan ko Turkiyya haɗari ba, kuma babu masanin da zai iya yanka wa girgiza rana. To amma ƙasar da ta motsa sau da yawa haka a cikin shekara 90 ba ta yi wa kowa alkawarin za ta zauna lafiya har abada ba.

Sannan mu dubi abin da Legas take tsaye a kai. Babban ɓangaren garin nan fadama ce da bakin ruwa da aka cike da yashi: Lekki, Victoria Island, Banana Island, Eko Atlantic, da unguwannin talakawa da dama da aka cike da shara da ɓaraguzai aka yi gini a kai. Ƙasa mai laushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi, kamar yadda ruwan da ke cikin faranti ya fi farantin kaɗawa in an taɓa shi. Yashin da ya sha ruwa kuwa, in aka jijjiga shi sosai sai ya koma kamar kunu, gini ya nutse ko ya kife. Haka ta faru da birnin Mexico a 1985. Cibiyar girgizar tana can bakin teku, nisan kilomita sama da 300, amma da yake an gina birnin a kan busasshen tafki, shi ya fi ko'ina shan wuya, dubban mutane suka mutu. Saboda haka ba sai girgiza ta tashi daga ƙarƙashin Agege ko Obalende kafin ta shafe mu ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne gine-ginenmu ba sa ma jiran girgiza. A Satumbar 2014 wani masaukin baƙi mai hawa 6 ya rufta a Ikotun, mutum 116 suka mutu, bincike ya nuna an ƙara masa benaye ba da izini ba. A Maris ɗin 2019 bene ya rufta a Ita-Faji da ke tsibirin Legas da 'yan makaranta a ciki, mutum 20 suka rasu, alhali an riga an sa wa ginin alamar rushewa. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya zube kamar an tura tulin bulo, ya kashe sama da mutum 40, yawancinsu masu aikin gini. Duk waɗannan ƙasa tana kwance lafiya lau suka faɗi. Rodi ƙarami a inda ya kamata a sa babba, siminti buhu ɗaya a yi masa aikin buhu biyu, harsashin bene biyu a ɗora masa huɗu, jami'in duba gini ya karɓi na goro ya kau da kai. Ginin da nauyin kansa ma ya gagare shi ɗauka, me zai yi in aka kaɗa shi na daƙiƙa 20?

Wanda ke shakkar cewa ingancin gini ne ke raba rayuwa da mutuwa, ya dubi shekarar 2010. A Janairu girgiza mai maki 7.0 ta afka wa Haiti, gwamnatin ƙasar ta ce sama da mutum 200,000 suka hallaka. Wata guda da rabi bayan haka wata mai maki 8.8 ta afka wa Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, amma waɗanda suka mutu ba su kai 600 ba. Chile tana da dokar gini mai tsauri kuma tana tilasta bin ta, Haiti kuwa kowa gina abinsa yake yadda ya ga dama. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, Legas wa ta fi kama da shi a cikin biyun nan?

Doka a takarda kaɗai ma ba ta ceton kowa. Turkiyya tana da ƙa'idojin gini masu kyau, musamman bayan girgizar 1999 da ta kashe sama da mutum 17,000. Amma a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga miliyoyin gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba: ka biya kuɗi, a ba ka takarda. Da girgizar 6 ga Fabrairu, 2023 ta zo da maki 7.8, sama da mutum 50,000 suka mutu a ƙasar, takardun nan ba su riƙe ginshiƙi ko ɗaya ba. Mun kawo wannan ne domin a 2024 gwamnatin Legas ita ma ta buɗe ƙofar afuwa ga masu gine-ginen da ba su da izini. Muna tunatar da ita cewa duk takardar da ba a auna ƙarfin kankare da rodi kafin a bayar da ita ba, rasit ne kawai na kuɗin shiga.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da muka zo neman abinci? Ruwanmu ne dumu-dumu. Su wa ke ɗaukar kwanon kankare zuwa hawa na goma? Su wa ke gadin kangon da ba a gama ba, su kwana a ƙasansa su goma sha? Su wa ke cunkushe a tsofaffin benaye da shagunan Idi-Araba da Mile 12 da Agege, saboda nan ne kuɗin haya ya zo daidai aljihu? Yaranmu ne da ƙannenmu. In gini ya faɗi, mai shi yana da lauya, injiniya yana da ƙungiya, lebura kuwa sau da yawa ko sunansa babu a littafin kowa. Iyayensa a Arewa sai dai su ji waya ta daina shiga.

Wani kuma zai ce komai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida barci da sunan tawakkali ba. Motsin ƙasa daga Allah yake. Satar rodi da karɓar cin hanci aikin ɗan Adam ne, kuma za a tambaye shi. Masu cewa yunwa ta ishe mu, ba mu da lokacin wannan, su sani cewa duk matakin da za a ɗauka saboda girgiza shi ne dai zai hana rugujewar da ke kashe mu yau. Kuɗi ɗaya ne, amfani biyu.

Ga abin da muke nema daga gwamnati. Ta sa masana su auna ƙasar Legas unguwa-unguwa, a fitar da taswirar da ke nuna inda ƙasa ke da laushi da irin ginin da za ta iya ɗauka, a buga kowa ya gani. Hukumar LASBCA ta bi makarantu da asibitoci da kasuwanni da wuraren ibada ta gwada ƙarfinsu, ta wallafa sunayen waɗanda suka gaza. In an sa wa gida alamar rushewa, a tilasta wa mai shi ya mayar wa 'yan haya ragowar kuɗinsu, domin wanda ya biya hayar shekara ba shi da inda za shi, shi ya sa yake komawa ya kwana a ƙarƙashin tsagaggen rufi. A ƙara na'urorin auna motsin ƙasa, a ba cibiyar da ke Toro a Jihar Bauci kuɗin aikin da ya dace. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar tun 2006 a ba shi haƙora, a riƙa ɗaure wanda ya karya shi komai girmansa. Kuma hukumar LASEMA ta gaya mana shirinta: gadoji uku ne manya suka haɗa tsibiri da sauran gari, Carter da Eko da Third Mainland. In ɗaya ta tsage, ta ina motar ceto za ta bi?

Mu ma akwai namu. Kwamitocin masallatai da Islamiyyu su daina ɗora bene a kan tsohon gini don kawai an samu gudummawa, sai injiniya mai rajista da COREN ya duba harsashi ya sa hannu, domin 'ya'yanmu ne za su zauna a ciki. 'Yan kasuwa su daina sare ginshiƙi a hawan ƙasa don faɗaɗa shago, wannan ginshiƙin shi ke ɗauke da mutanen sama. Kafin ka biya haya, ɗaga kai ka duba: tsaguwa mai faɗi a jikin ginshiƙi, rodi mai tsatsa a waje, ƙofar da ta daina rufuwa saboda gini ya karkata, duk gargaɗi ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da na leburori su buɗe rajistar sunayen yaranmu da wuraren da suke aiki da lambar danginsu. A buɗe lungunan da aka toshe da rumfuna har mota ba ta iya shiga, a raba tukunyar gas da jarkar fetur da ɗakin kwana, domin gobara kan biyo bayan girgiza. A koya wa yara cewa in ƙasa ta motsa suna ɗaki, su durƙusa su shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi su kare kansu, kada a yi turereniya a matakala, in ta lafa a fita fili nesa da bango da wayar lantarki. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, kowa ya sa su a wayarsa.

Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗuba, shugabannin ƙungiyoyi su sa shi a taronsu na gaba, wakilanmu kuma su kai wa shugabannin ƙananan hukumomi a rubuce. Muna biyan haraji a garin nan, muna zaɓe a cikinsa, muna da bakin tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya tsare maƙwabtanmu. Amin.