A Buɗe wa 'Yan Wasa Rubutun Tushe

A unguwannin Zangon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, samari da dama suna cinye yammacinsu wajen buga wasannin kwamfuta a waya ko a gaban talabijin. Suna musu da shewa da Hausa, allon kuwa yana amsa musu da Turanci. Kowane wasa yana da rubutun tushe, wato jerin umarnin da maƙirƙira suka rubuta wa kwamfuta, kuma yawancin kamfanoni sun kulle nasu. Ya dace a buɗe wa 'yan wasa wannan rubutu, ko da bayan wasu shekaru ne.

Hujja ta farko tana cikin Kumasi kanta. A Suame Magazine, matattarar dubban makanikai, yaron gareji yana koyon sana'a ne ta hanyar kwance inji da mayar da shi. Haka koyon rubuta manhaja yake, sai an karanta aikin gwanaye. Eyram Tawia, wanda ya yi karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi, ya haɗa kai da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa kamfanin wasanni na Leti Arts a 2009. Yaron Zango mai irin wannan buri yana bukatar injin da zai kwance.

Hujja ta biyu ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Da wuya kamfanin Amurka ko Japan ya kashe kuɗi wajen fassara wasa zuwa Hausa. Idan rubutun a buɗe yake, ɗalibai da kansu za su iya fassara maganganun cikin wasan, su gyara shi ya nuna haruffan ɓ da ɗ da ƙ, su ƙirƙiro kalmomin da harshen bai riga ya tanada ba.

Masu adawa suna da abin faɗa. Maƙirƙiri da guminsa yake ci, kuma buɗe rubutun na iya sauƙaƙa satar fasaha da maguɗi a wasannin intanet. Sai dai akwai hanyar da aka gwada. Kamfanin id Software ya fitar da wasan Doom a 1993, ya ci kasuwarsa, sannan ya saki rubutun tushensa a 1997, ya riƙe hotuna da sauti da matakan wasan a matsayin hajar sayarwa. 'Yan wasa suka gyara kurakurai, suka ɗora shi a kan sababbin na'urori, har yau ana buga shi.

Wannan tsari ne ya kamata maƙirƙiran Ghana da Nijeriya su bi. Kafin nan, ɗalibin Hausa na iya fara gwada hannunsa a kan wasannin da tushensu yake a buɗe, kamar Battle for Wesnoth, wanda 'yan sa-kai ne suke fassara shi zuwa harsuna daban-daban.