Nahawun Turanci Ba Haddar Kalmomi Ba Ne

Duk ɗalibin da ya haddace kalmomin Turanci dubu, alhali bai fahimci yadda sifa take gabatar suna ba tare da ta sauya domin jinsi ko jam'i ba, ko yadda lamiri guda yake wadatar da "kai" da "ke" da "ku", ko kuma dalilin da ya hana bayanau shiga tsakanin fi'ili da maf'ulinsa, to haƙiƙa ya tara tubali ne bai yi gini ba. A ra'ayina, fasahar harshe tana cikin jumla. Saboda haka ina roƙon malamanmu da su riƙa koyar da kowace ƙa'ida cikin cikakkiyar magana, domin ilmi ya amfani mai shi.