Kafin Mu Sayi Motar Ikilisiya

Akwai abin da muke tsallakewa duk lokacin da kwamiti ya zauna kan sayen bas. Mukan daɗe muna gardama kan yawan kujeru da sunan da za a rubuta a jikin motar. Da wuya ka ji dattijo ya tambaya ko tana da na'urorin da ke taimakon direba sa'ad da abu ya ɓaci. Alhali wannan motar ce za ta kai Zumuntar Mata taro, ta kai matasa sansani, ta raka gawa ƙauye. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne. In mota ɗaya ta kife da mutum goma sha biyar, a wata majami'ar kusan rabin jama'a ke nan.

A shekarar 2001 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi gargaɗi kan motoci masu ɗaukar mutum 15, irin waɗanda ikilisiyoyi da makarantu suke amfani da su a can. Ta gano cewa idan mutum goma ko fiye suna ciki, haɗarin kifewa yakan ninka kusan sau uku, domin nauyi yakan tashi sama ya koma baya. Mu kuwa bayan mun cika motar da mutane, sai mu ɗora buhunan masara da tukwane a kan rufi.

A ganina, abin da ya fi cancantar kuɗinmu shi ne na'urar daidaita mota, wadda ake rubuta wa ESC, Toyota kuma tana kiranta VSC. Tana lura da inda direba ya juya sitiyari da inda motar take nufa a zahiri. In ta ga sun saɓa, kamar lokacin da direba ya kauce wa akuya ko rami da sauri, sai ta kama birkin taya ɗaya ita kaɗai, ta rage ƙarfin inji, tun kafin bayan motar ya fara wutsiya. Ba direban da ƙafarsa za ta iya wannan, komai daɗewarsa a hanya. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci da ƙananan motocin kaya tun Nuwamba 2014, saboda haka ko a cikin motocin kwatano ana samunta, in mun tambaya.

Sai birkin ABS, mai hana tayoyi kullewa domin direba ya iya juya sitiyari yana kan birki. Amma a koya wa direba. Idan ya taka da ƙarfi, zai ji fedar tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Da yawa sukan tsorata su ɗaga ƙafa, alhali lokacin ne na'urar take aikinta. Kyamarar baya kuma ba kwalliya ba ce. Duk wanda ya ga yadda yara suke guje-guje a harabar majami'a bayan sujada ya san dalili.

Ba duka ne zan ce mu biya ƙarin kuɗi dominsu ba. Na'urar da ke riƙe mota cikin layinta tana bukatar farin zane a kan kwalta, hanyoyin ƙauyukanmu kuwa ko kwaltar babu. Birki mai kama kansa yana dogara ga kyamara ko rada, ƙurar hunturu tana iya rage masa gani. In sun zo da motar, madalla.

Na san wani zai ce Ubangiji ne mai tsarewa. Haka ne, ni ma ba na barin mota ta tashi ba tare da addu'a ba. Amma a Kubawar Shari'a sura 22 an umarci mai sabon gida ya kewaye rufinsa da katanga, kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Ban ga bambanci tsakanin wannan katangar da birki mai kyau ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda muke kashe na'urorin da hannunmu. A wata ikilisiya da na yi hidima, fitilar ABS ta kama ci. Bakaniken da muka kai wa ya cire ƙwan fitilar, ya ce an gyara, muka biya muka gode. Wata biyar muna ɗaukar mutane a haka, sai wani ɗan'uwa mai aikin wayoyin mota ya gano.

Shi ya koya mini gwajin da kowane dattijo zai iya yi a wurin dillali. Ka juya makulli kada ka tayar da inji. Fitilun ABS da na ESC su kama, sa'an nan su mutu bayan ɗan lokaci ko bayan inji ya tashi. In sun ci gaba da ci, akwai matsala. In kuwa ba su kama ba sam, ko dai motar ba ta da na'urar, ko wani ya riga ya taɓa ƙwan, kuma kada ma'aji ya ƙirga kuɗi sai an san wanne ne.