Haƙuri ko Miƙa Wuya? Ginuwar Halin Tauraro a Littafin Shaihu Umar

Daga cikin ƙagaggun labaran da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, babu wanda tauraronsa ke jawo saɓani kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Ƙorafin da aka fi yi shi ne Umar ba ya aikata komai, sai dai a aikata masa: a sace shi, a bautar da shi, a ƙetara Sahara da shi. A wannan fahimta, halinsa bai ginu ba, ƙaddara ce kawai ta yi ta gara shi.

Wannan hukunci ya ɗauko ma'auninsa ne daga adabin Turai, inda ake gane girman matashi ta hanyar bijire wa al'ummarsa. Ma'aunin Bahaushe daban ne. Kamar yadda Kirk-Greene ya nuna a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, haƙuri da ladabi da kunya da amana suna cikin ginshiƙan kamala. Idan aka auna Umar da su, ginuwar tasa a fili take. Ya taso maraya a Kagara, makircin fadawa ya sa aka kori Makau, mijin mahaifiyarsa, sannan aka raba shi da uwar tun yana ƙarami. Yaron da ya sha wannan ɗaci yana da dalilin zama mai ƙullaci. Amma a hannun Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi tamkar ɗa a ƙasar Masar, sai ya mayar da maraicinsa naci ga karatu, har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi wurinsa. Danne zuciya ma aiki ne, ba kuwa ƙarami ba.

Zubin littafin yana ƙarfafa wannan. Dattijo ne ke ba almajiransa tarihinsa a Rauta, cikin natsuwa, ba tare da tsinuwa ga waɗanda suka cuce shi ba. Muryar mai labarin ita ce shaidar inda tarbiyyar ta kai.

Sai dai bai kamata yabo ya rufe idon manazarci ba. Abdulkarim ɗin da ya raini Umar fatauci yake yi a hanyar da ake kora bayi, kuma Umar bai fito ya tuhumi wannan ciniki ba. Wadda ta ɗanɗani zafin bauta sosai ita ce mahaifiyarsa, da ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Haƙurin Umar ya sami inuwar ubangida mai tausayi. Nata bai samu ba. Saboda haka kamalarsa ta gyaran kai ce, ba ta kai ga ƙin zaluncin da ya cinye uwarsa ba.

A nan ne nauyi ya hau kan masu koyar da littafin. Idan aka gabatar wa ɗalibai Umar a matsayin abin koyi kawai, za su tashi da zaton cewa haƙuri yana nufin yin shiru ga kowace cuta. Idan aka yi watsi da shi a matsayin rago, an jahilci tunanin al'ummar da ta haife shi. Adalci shi ne a karanta ɗan tare da uwar, a bar ɗalibi ya tambayi inda haƙuri ya tsaya, inda kuma miƙa wuya ya soma.