Shinkafar Honorabul Ba Ta Maganin Ciwon Haƙori

Ana saura kwana huɗu mu shiga jarrabawar semestar da ta wuce, haƙorin turmina na ƙasa ya tashi. Wanda ya taɓa yi ya san abin da nake faɗi. Ba barci, ba karatu, ruwan sanyi ma sai ka tsaya ka yi shawara kafin ka kurɓa. Na sa kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri, na sha farasitamol har na gaji. Da gari ya waye na je asibiti mafi kusa da mu, aka ce ba su da likitan haƙori, sai dai in tafi babban asibiti. A can na tarar da layi, aka ba ni ranar dawowa bayan mako biyu. Wani abokina ya ce ya san mai cire haƙori a bakin kasuwa, nan take, kuɗi kaɗan. Wallahi saura ƙiris in bi shi. Abin da ya cece ni shi ne kuɗin da na tara na hayar ɗaki, su na ɗiba na je asibitin kuɗi, sannan na shafe wata guda ina ɓuya wa mai gida.

A makon ne kuma hotunan wani ɗan majalisa suka cika Facebook yana rabon buhunan shinkafa da babura, ana ta zuba masa kirari. Ni kuwa kumatu a kumbure nake tambayar kaina: wannan bawan Allah, tun da ya je majalisa, ya taɓa miƙewa ya tambayi dalilin da ya sa asibitin mazaɓarsa ba shi da mai duba haƙori?

'Yan uwana ɗalibai, ra'ayina shi ne mun daɗe muna auna wakilanmu da ma'aunin da ba nasu ba. Aikin ɗan majalisa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda ɓangaren zartarwa ke kashe kuɗin. Sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike, ta kira minista ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani, ta nemi takardu, domin bankaɗo almundahana da ɓarnar dukiya. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisun jihohi irin wannan iko. Babu sashen da ya ce a raba taliya.

Mu fara da lafiya. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga kiwon lafiya. A gidanmu aka yi taron, amma har yau kasafin tarayya bai taɓa kai wa nan ba. A 2014 aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta tanadi asusu na musamman don ƙananan asibitoci, da za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta zauna a takarda shekara da shekaru, sai a kasafin 2018 'yan majalisa da kansu suka cusa kuɗin, sama da naira biliyan 55. Na kawo wannan ne don kada a ce ƙiyayya ce ke cina. Idan majalisa ta so aiki, tana iyawa. Saura a bi sawun kuɗin: nawa ya isa asibitin ƙauyenku, wa ya karɓa, me aka saya da shi?

A 2022 kuma aka yi dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Akwai ma shirin TISHIP da aka tsara musamman don ɗaliban manyan makarantu. To mu nawa ne a cikinmu suka san abin da kuɗin lafiyar da ke jikin rasit ɗin rajista ya ƙunsa? Ya haɗa da ciko? Ya haɗa da cirewa? Wannan tambaya ce da kwamitin majalisa zai iya samo amsarta a zama ɗaya.

Na san wani zai ce ana fama da maleriya da mutuwar mata wajen haihuwa, kai kana zancen haƙori. Haka ne, amma a je Sakkwato a gani. Tun 1999 akwai asibiti guda da aka keɓe wa cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Daga kumburin dasashi take farawa a jikin ƙananan yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe, kuma mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Idan an gano ta da wuri, tsabtace baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ke nan ma'aikaci ɗaya a ƙaramin asibiti da ya iya buɗe bakin yaro ya duba zai iya ceton rai. Ba sai likita ba. A matakin difiloma irin tamu ake horar da masu wanke haƙori da masu ƙera na roba. Wane ɗan majalisar jiha ne ya tambayi kwamishinan lafiya guraben aiki nawa aka buɗe musu?

Sai gida. Duk wanda bai sami gado a hostal ba ya san halin da ake ciki a unguwannin bayan makaranta: ɗaki ɗaya mutum huɗu, banɗaki ɗaya gida guda, kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, kuma da ka sabunta sai a ce an ƙara. Gida da lafiya kuwa ɗanjuma ne da ɗanjummai. Cunkoso a ɗaki mara taga shi ke yaɗa tarin fuka da sanƙarau lokacin zafi, rijiyar da ke maƙwabtaka da masai ita ke kawo taifot da kwalara. Wannan fanni yawancinsa a hannun jiha yake, domin Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Majalisar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ba a cika bin ta ba, gaskiya ne, amma ɗan haya yana da abin riƙewa idan ya je kotu. Tun 1992 kuma ake cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa. Ka tambayi mahaifinka ko kawunka da ke aikin gwamnati ko ya taɓa ganin mukulli. In bai gani ba, wa ya kamata ya titsiye bankin da ke riƙe da kuɗin?

Ba na raina buhun shinkafa. Wanda ya kwana da yunwa ba zai ci sashe na 88 ba. Amma buhu na ƙarewa cikin wata, kuma mutum nawa ya samu a mazaɓa mai dubban ɗaruruwan jama'a? Doka mai kyau da kuɗin da aka tsare daga ɓarayi kowa suke amfana, har wanda bai san ƙofar gidan honorabul ba. Ayyukan mazaɓun ma da ake taƙama da su, tun 2019 hukumar ICPC ke bin diddiginsu, ta kuma tarar da wasu an yi watsi da su, wasu kayan an karkatar.

Mu ma fa da laifinmu. Sau nawa ƙungiyoyinmu suka rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa? Da yawa. Me muka nema? Gudummawar makon ɗalibai, kofin ƙwallo, kuɗin walimar bankwana. Mu muka koya masa cewa lambar yabo da hoto sun isa. Wanda ka je wa da ƙoƙon bara ba ka da bakin tuhumarsa.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce a wannan zangon mu sauya wasiƙar. 'Yan sashen kula da gidaje da filaye su zagaya su tattaro kuɗin haya da yanayin ɗakuna, 'yan ƙididdiga su tsara alƙaluman, 'yan aikin jarida su ji ta bakin waɗanda ciwon haƙori ya hana zama jarrabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba mu damar neman takardu daga hukuma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Mu haɗa koke a rubuce, mu kai wa wakilinmu na jiha da na tarayya, mu gayyace su ɗakin taro su amsa tambaya, ba tare da makaɗa ba. Wanda ya zo mu buga amsarsa a wannan mujalla, wanda ya ƙi zuwa mu buga cewa ya ƙi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ni dai saura mini 'yan watanni in tattara, kuma na riga na bar haƙori ɗaya a garin nan. Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, don haka wasu daga cikin masu karanta wannan su ne za su zauna a kujerun nan ba da daɗewa ba. Ina roƙon ƙannenmu na ajin farko su ɗauki wannan aiki tun yanzu. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba mu wakilai masu tambaya.